Makarantar Kwari da Akushin Hukuma

Ina da wani ɗan aibi da gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: gyaɗa kai. Ni ƙadangare ne, haka aka halicce ni. Ana yabona kaina yana sama yana ƙasa, ana zagina ma haka. Na kai shekarun da wuya ke ciwo da safe, amma bai daina ba. Saboda wannan baiwa, ba don wani hankali ba, Ƙungiyar Malaman Dajin Gawo ta sa ni cikin wakilanta, kuma a duk zaman da aka yi kowane ɓangare yana son in zauna kusa da shi.

Dajin Gawo daji ne mai tsari. Zaki yana can kan dutse, ba a ganinsa sai ranar rabo. A ƙarƙashinsa akwai Hukumar Makarantu, wadda Uwargida Dorina ke shugabanta, Dila kuma yake mata sakatare, shi ne mai riƙe al'adun daji a ka. A ƙarƙashin Hukuma akwai mu malamai. A ƙarƙashinmu babu kowa sai yara da ƙasa.

Makarantu biyu ne. Akwai ta tudu, a inuwar tsamiya, inda 'ya'yan giwa da na ɓauna da na damisa ke koyon yadda ake ba da umarni. Akwai ta kwari, a tsakiyar busasshen rafi, inda 'ya'yan ɓera da na zomo da 'yan zabi ke koyon yadda ake karɓarsa. An kafa ta a cikin rafin ne saboda yashi yana da daɗin zane, kuma babu wani babba da ke son wurin. Da rani lafiya lau. Da damina kuwa, in aka yi ruwa a kan duwatsun gabas, rafin yakan tuna cewa shi rafi ne.

Ajin ƙanana a can yana hannun Malama Kande Bushiya. 'Yar ƙarama ce, ba ta da fara'a, kuma ba a taɓa ganin ta makara ba. Bara ruwa ya zo mata ana tsakiyar darasi, ta yi ta kwasar yara tana hawa gaɓa da su tana dawowa, har ƙarfinta ya ƙare daidai da fitar da na ƙarshensu. Bana kuwa tsofaffin kwaɗi sun ce daminar za ta fi ta bara nauyi. Don haka da lokacin sabunta yarjejeniyarmu da Hukuma ya zo, cikin bazara, malamai suka ajiye maganar ƙarin abinci da ta yawan yara, suka tsaya a kan buƙata ɗaya: a mai da makarantar kwari kan tudu kafin ruwan fari. Fili yana nan a bayan tsamiya, babu mai amfani da shi sai iska.

Sai dai akwai wata al'ada a dajinmu, tsohuwa, kuma kyakkyawa a asalinta. Wanda ya ci abincin mai masauki, ba ya kai ƙararsa ko ya nemi wani abu a wurinsa sai abincin ya kwana a cikinsa. Kakanni sun kafa ta don kada baƙo ya ci ya ƙoshi ya tashi da rigima. Hukuma ta fi kowa girmama kakanni. Shi ya sa take sa zama bayan an tashi daga makaranta, lokacin da cikin malami ke kiran sunansa, kuma shi ya sa kafin kowa ya buɗe baki ake jera akushi a gindin kuka: soyayyiyar fara, aya, ɗinya, gyaɗa, har da saƙar zuma.

Shugaban ƙungiyarmu Malam Tanko Burgu ne, gwanin magana a bayan idon manya. A hanya ya rantse mana cewa yau Dorina za ta ji abin da ba ta taɓa ji ba. Da muka isa aka yi gaisuwa, ya duƙa, ya ɗago, idonsa ya faɗa kan gyaɗa. Abin da Dorina ta ji a ranar shi ne ƙarar haƙoransa. Ni ma na ci fara, ba zan ɓoye ba. Da muka share baki, Dila ya tuna mana da ladabi cewa yanzu godiya kawai ta halatta. Muka yi godiya. Aka ɗaga zama sai sabon wata.

A taron malamai na washegari, Malam Tanko ya ba da rahoto cewa an tattauna cikin fahimtar juna. Malama Kande ta tambaye shi me Hukuma ta ce game da rafi. Ya ce ba a kai nan ba tukuna, amma an share hanya. Ta dube shi har ya fara gyara zama.

"Malam Tanko, hanyar da ka share, daga akushi zuwa bakinka ce. Ni yara nake da su waɗanda raɓa ma tana kayar da su."

Aka yi ta muhawara, daga ƙarshe taro ya yanke shawarar da mayunwata kaɗai za su iya yankewa: a ƙosar da wakilai tun daga gida. Ranar zama na biyu kowane malami ya kawo abin da zai ci a ranar, aka tara mana a gaba. Wata tsohuwar malama, kurciya, ta kawo ƙwayoyin gero da ta tsinta wa 'ya'yanta. Muka zauna muka cinye abincin talakawa don mu je mu ƙwato musu haƙƙi, suna tsaye suna kallonmu suna yi mana addu'a. Ban taɓa cin abin da ya tsaya mini a wuya irin wannan ba. Amma ya wuce.

A gindin kuka Malam Tanko ya yi jarumta. Ya dubi akushi ya kau da kai. Ya sake duba ya sake kau da kai. Sannan, da yake burgu ne kuma Allah ya hore masa kumatu masu aljihu, ya ɗebi gyaɗa ya cusa hagu da dama, ya ce ta yara ce, bai haɗiye ko ɗaya ba. Ya miƙe zai gabatar da buƙata, kumatu kamar an hura salka, sai Dila ya ɗaga hannu. Ya ce akwai mas'ala: abin da ya shiga baki bai kai ciki ba, an ci shi ko ba a ci ba? Ya ce shi ba ya son a zalunci malamai, kuma ba ya son a zalunci kakanni.

Wannan tambaya ta cinye sauran yinin. Aka kira Biri, da yake shi ma yana ajiya a kunci, ya ba da shaida ta yadda kowa ya ɗauka da shi yake. Aka kira Raƙumi ya yi bayanin tuƙa, ya ƙara rikita lamarin. Malam Tanko ya kare kumatunsa da fasahar da ban taɓa jin ya kare wani malami da ita ba. Rana na faɗuwa aka kafa kwamiti ya binciki iyakar baki da ciki. Muna komawa gida muka ga walƙiya can gabas, shiru, ba tsawa.

Zama na uku Malama Kande ta sa kanta cikin wakilai, babu wanda ya zaɓe ta, babu kuma wanda ya iya hana ta. Aka miƙa mata akushi ta ce ta gode. Aka miƙa mata ruwa ta ce ta gode. Dila ya yi murmushi, ya ce akwai ɗayan rabin al'adar da ƙila Malama ta manta: ƙin abincin mai masauki cin fuska ne, wanda ya ci fuska kuwa ba a sauraronsa sai ya ba da haƙuri, haƙurin kuma ba ya karɓuwa sai da loma. Ashe kakanni sun toshe ƙofar ta gaba da ta baya.

Ba ta kula shi ba. Ta matsa gaban Dorina, wadda ko farcenta ya fi ta girma.

"Ranki ya daɗe, ban ci ba, kuma ba zan ba da haƙuri ba. Ki ji ni ko kada ki ji ni, kunnenki ne. Ruwa yana zuwa. In ya zo ba ya gaisuwa, ba ya jiran kwamiti. Bara na fitar da su duka don ƙafafuna sun yarda, bana ban san ko za su yarda ba. Fili muke roƙo a bayan tsamiya, ba inuwar ba. Inuwar ku riƙe. In kuma an hana, malamai sun ce za su ajiye aiki."

Malam Tanko ya yi tari, don shi bai tuna an ce haka ba. An kuwa ce, yana wurin.

Dorina ta buɗe baki ta yi hamma, muka ga har inda abincin daji ke tafiya. Sannan ta yi jawabi a tsanake, da muryar uwa.

"'Ya'yana malamai, bisa al'ada ban ji komai ba, amma zuciyar uwa tana ji. Kuna maganar ruwa kamar wani abokin gaba. Ni a ruwa aka haife ni, a ruwa na yi karatu, ga ni yau ina shugabantar ilimi. 'Ya'yan tudu sai sun yi tafiya kafin su sha, ku kuwa har cikin aji yake zuwa ya same ku, ba mu taɓa cire muku komai a kansa ba. Duk da haka Hukuma ba ta ƙin nata. Za a duba maganar tudu bayan damina, in ƙasa ta bushe an ga inda ya dace. Kafin nan, don lafiyar yara, mun naɗa Kada ya zauna a bakin makarantar kwari ya riƙa sa ido a kansu. Kuma daga yau, wakilan ƙungiya suna da 'yancin tafiya gida da abin da ya rage a akushi."

Wannan na ƙarshen ya taɓa Malam Tanko har idonsa ya kawo ruwa. Dila ya ce tun da Malam Tanko ya riga ya ci tun isowarmu, Malama kuma ba a jin ta, saura wakili ɗaya da za a nemi ra'ayinsa. Duk suka juyo gare ni. Wallahi a zuciyata a'a nake cewa. Na tattara a'ar nan tun daga jela, na kawo ta har maƙogwaro. Amma kaina ya riga ya yi aikinsa. Dila ya ce Alhamdu lillahi, an ƙulla yarjejeniya.

Ba a yi yajin aiki ba. An kira taro don a tsai da ranar farawa, sai Malam Tanko ya zo da ragowar akushi ya raba, taron ya koma na godiya.

Kada ya kama aiki da himma. Kullum yana kwance a gaɓa yana ƙirga yara da ido, har iyaye suka fara cewa ba su taɓa ganin ma'aikacin Hukuma mai son aikinsa haka ba.

Wata safiya hadari ya haɗu a gabas, baƙi ƙirin. Malama Kande ba ta nemi izinin kowa ba. Ta jera yaranta, ta aika wa sauran azuzuwan kwari cewa mai son ransa ya biyo ta, ta hau da su tudu. Mai gadin makarantar manya ya hana su bayan tsamiya, sai suka raɓe a ƙarƙashin wani dutse, ta ci gaba da darasi a tsaye. Kafin rana ta raba tsaka ruwa ya sauko daga duwatsu da itatuwa a bakinsa. Ya shafe makarantar kwari har ba ka iya nuna inda aji yake. Kada ya yi ta kewaya cikin ambaliyar yana neman waɗanda zai ceta, ya fito ransa a ɓace.

Ko ɗa ɗaya bai mutu ba.

Hukuma ta zauna a kan lamarin, kuma a karon farko ta yi sauri. Ta gano abu biyu. Na farko, an yi ruwan da ba a taɓa gani ba amma ba a rasa rai ba, wanda ya tabbatar da cewa makarantar kwari ba ta da wani hatsari, kuma naɗin Kada ya yi amfani. Saboda haka maganar tudu ta faɗi. Na biyu, Malama Kande ta bar wurin aikinta a lokacin aiki, ta shiga harabar da ba tata ba da yaran da ba nata ba. Aka sallame ta.

Ƙungiya dai, a faɗi gaskiya, ba ta yi shiru ba. Malam Tanko ya yi jawabi mai zafi har kumatunsa na rawa, ya ce taɓa malami ɗaya taɓa malamai duka ne. Ya nemi zama na musamman don ɗaukaka ƙara, Hukuma ta amince nan take, har ta tambayi ko wakilai sun fi son zuma ko ɗinya. Iyayen yaran sun je sun gaishe da Malama Kande a raminta. Sun same ta a dunƙule, ƙaya ta ko'ina, ba ta buɗe wa kowa ba. Suka ajiye mata 'yar aya a ƙofa suka tafi.

Da ruwa ya janye aka share yashi, aka buɗe makaranta a inda take. Ajin ƙanana ni aka ba.