Saƙon Minti Shida Da Sabon Ƙarfen Sabis

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so in manta, da ranar Alhamis ɗin da aka kunna sabon ƙarfen sabis na ƙauyen da nake koyarwa. Mutanen gari suna tuna ranar a matsayin ranar da ci gaba ya iso. Ni kuwa ranar ce na gane cewa kunya tana iya saukowa har tafin ƙafar mutum.

Makarantar firamare ce, a wani ƙauye can bayan Sakajiki. Iyalina suna Ƙaura, ni kuma ina kwana a ɗakin da mai gari ya ba malamai, sai Juma'a in hau babur in tafi gida. Sabis ɗin wayar garin a lokacin, in dai za a kira shi sabis, yana zaune ne a wuri ɗaya tak: kan wani tudu bayan aji shida, gindin kanya. Can za ka tarar da manyan mutane da gemunsu, kowa ya ɗaga hannu sama da waya kamar ɗalibai masu neman izinin fita fitsari. Saƙon da aka turo mini cewa matata ta haihu, sai bayan kwana biyu ya shigo (da ya ƙara ɗan jinkiri, da a wurin suna zan ji labari).

Hedimastanmu Malam Bawa dattijo ne, ya kusa ritaya. Yana da halaye biyu da duk ƙauyen ya haddace. Ba ya fara magana sai ya yi tari, kuma da zarar ya ce "a taƙaice", to ka gyara zama, yanzu aka fara. Shi ne ya yi ta rubuta takardu yana kaiwa Ƙaura a kan a gyara ƙarfen sabis, har dai wata rana muka ga injiniyoyi sun iso da motarsu da farantan sola. Suka ce za su kashe tsohon gaba ɗaya na mako guda. Babu wanda ya ga bambanci.

Ni kuma Allah ya ba ni baiwar kwaikwayon murya. Wasu an ba su lissafi, wasu kasuwanci, ni wannan aka ba ni, kuma ban taɓa yin wani abin kirki da ita ba. Ga shi a lokacin ina cike da haushin Malam Bawa. Ina neman izinin tafiya ƙarin karatu, sai da takardar shaidarsa ofishin ilimi zai saurare ni. Mako uku ina binsa, kullum amsa ɗaya: "Ana kai, Malam."

Ranar Talata bayan an tashi yara, na zauna a aji ni kaɗai na ce bari in huce a kan abokina Malam Sani, wanda aka mayar Shinkafi. Na danna saƙon murya, na yi tari irin na Malam Bawa, na shiga aiki. Na yi jawabinsa na taron safe. Na yi yadda yake lallashin tsohon babur ɗinsa kafin ya tashi. Na koma muryata na faɗi ra'ayina a kan inda takardata take. Minti shida cif. Na tura, na ga ɗan agogon nan yana nuna saƙo bai tafi ba, na jefa waya aljihu. Abin da ban duba ba shi ne, a wayata sunan "Malam Sani" yana maƙwabtaka da "Malaman Makaranta", wato gurup ɗinmu, wanda Hedimasta da kansa ya buɗe.

Alhamis aka yi taron iyayen yara. An shimfiɗa tabarmi a inuwar dalbejiya, an fito da bencina. Ga Alhaji Isa mai hatsi, shugaban iyaye. Ga liman. Ga mata a gefe guda. Ga kuma babban baƙo, jami'in ilimi daga Ƙaura, mutum mai ƙiba da hula zanna, wanda takardata za ta bi ta teburinsa. Ni ne masanin na'ura na makaranta (muƙamin da na naɗa wa kaina), don haka ni na yi cajin sifika tun jiya, ni na haɗa ta da wayar Hedimasta don a sa karatun buɗe taro. Da na gama na zauna kusa da baƙo, ina gyara wuyan riga, don ya san fuskata. Ya kuwa san ta.

Ana cikin maganar rufin aji uku da iska ta yaye, sai wayoyi suka ɗauki ƙara gaba ɗaya. Aljihun liman, jakar mata, har wata tsohuwar waya da ke ɗaure da roba. Saƙonnin mako guda suna ta zubowa. Wani ya ce, "Sun kunna." Aka shiga duba waya, kowa yana nuna wa na kusa da shi sabis ya cika har sama.

Malam Bawa ya miƙe, fuskarsa kamar an yi masa albishir da kujerar Makka. Ya yi tari.

"Jama'a, a taƙaice, wanga abu da kuke gani, shekara nawa muna nemanshi. Bari mu gwada shi gaban kowa. Ga saƙo nan ya shigo gurup yanzu daga malaminmu na aji biyar, har minti shida. Na san rahoton zuwan yara ne da na ce ya shirya. Yaro ne mai ƙwazo."

Malamin aji biyar ni ne. Na yi murmushi na sunkuyar da kai irin na mai tawali'u, sannan wani abu ya ce mini: wane rahoto? Ban shirya rahoto ba. Na zaro wayata. Ɗan agogo ya ɓace, alamar isar saƙo ta maye gurbinsa, kuma sunan da ke sama ba na Sani ba ne.

Kafin in haɗiye yawu, sifika ta yi tari sau uku.

"Yara, a taƙaice, tsafta tana da rassa goma sha bakwai..."

Da farko babu wanda ya gane. Mutane suna kallon sifika, suna kallon bakin Malam Bawa da ke rufe. Alhaji Isa ya ce, "Malam Bawa, yaushe ka yi wanga jawabi? Ai muryar ta hito tas."

Na tashi tsaye. "Ranka shi daɗe, wannan ba na nan ba ne, kuskure ne..."

Ya ɗaga mini hannu ba tare da ya dube ni ba. "Zamna, Malam. A bar mutane su ji ƙarhin sabis."

Na zauna. Sabis ɗin da shekara huɗu bai taɓa isar da "salamu alaikum" ba tare da ya yanke ta biyu ba, yau ya kawo minti shida babu ko gargada. Har numfashina ana ji. Har kukan akuyar da ta wuce bayan aji ranar Talata.

Aka zo wurin babur. "Haba ɗan albarka, tashi mana, kada ka kunyata ni gaban yara." Mata suka fara rufe baki da mayafi. Liman ya sa carbi a gaba yana kallon ƙasa, amma kafaɗunsa suna rawa. Wanda ya fi kowa jin daɗi shi ne baƙonmu. Yana dariya yana dukan cinyata, yana cewa, "Kai, wannan malami gwani ne." Ni kuwa na san abin da ke tafe a minti na biyar, domin ni na rubuta wasan.

Muryata ta gaskiya ta fito: "Sani, ka ji tsohon naka. Takardata kuwa na rantse tana ƙarƙashin tabarmarsa, ko ya kunna wuta da ita. Ko da yake in ta je ofis ma me za a yi? Wancan mai ƙibar da ke zuwa duba makaranta, ka taɓa ganin ya duba wani abu ban da kwanon abinci?"

Hannun da ke dukan cinyata ya tsaya a sama. Ya janye shi a hankali ya ɗora a kan cikinsa, sannan ya ga kamar nan ma bai dace ba, ya sauke. Sifika kuwa, wadda na yi wa caji da hannuna, tana ci gaba da yi wa Sani sallama da fatan ya gaida iyali.

Malam Bawa ya kashe waya ya sa a aljihu. Na jira tsawa. Da ya yi tsawar ma da na samu sauƙi.

"Malam," in ji shi, "ka yi ƙoƙari. Gyara ɗaya gare ni. Tarin sau biyu nake yi, ba sau uku ba." Ya juya ga jama'a. "Mu koma maganar ruhin aji uku."

Aka koma. Na yi sauran awa guda a bencin nan, kafaɗa da kafaɗa da mutumin da na ce kwano yake dubawa. Da aka kawo abinci ya ce ya ƙoshi.

Washegari da safe na roƙi Alhaji Isa ya raka ni ofishin Hedimasta. Na durƙusa na ba da haƙuri, na ɗora laifi a kan shaiɗan (wanda, a gaskiya, ko kusa da wayar bai zo ba). Malam Bawa ya saurare ni har na gama, sannan ya jawo aljihun tebur ya miƙo mini kwafin wata takarda. Shaidata ce, shafi biyu, da hannunsa. Ya rubuta cewa ni malami ne mai ladabi da kamun kai. Tun Juma'ar da ta wuce ya kai ta Ƙaura da kansa, a kan babur ɗin nan, ya ce bai gaya mini ba ne don yana jiran amsa ta fito ya yi mini albishir.

"Ban da niyyar canza ko kalma ɗaya," ya ce. "Kai dai ka yi ƙoƙari ka zama mutumin da ke cikin takardar."

Alhaji Isa ya dube ni ya ce, "Da ni ne kai, Malam, da na gwammace mari."

Takardar ta kwana a teburin jami'in nan har lokacin karɓa ya wuce. Ban ga laifinsa ba. Sai da shekara ta zagayo na samu tafiya, shi ma bayan Malam Bawa ya je ya roƙa mini sau biyu. Saƙon kuwa, tun da yanzu muna da sabis mai sauri, kafin la'asar ɗin ranar taron ya kai Zurmi. Sani ya kira ni daga Shinkafi yana ƙorafin cewa shi da aka yi dominsa, a wurin wani direba ya ji. Har yau in na shiga kasuwar Ƙaura sai wani ya ƙwala mini kira daga rumfa, "Malam, yi muna Hedimasta."

Yanzu kafin in tura saƙo sai na karanta sunan da ke sama kamar mai duba takardar jarrabawa. Kuma duk maganar da ba zan iya tsayawa gaban liman da iyayen yara in faɗa ba, ba na gaya wa waya. Ashe duk shekarun da nake hawa tudu ina zagin sabis, rashinsa ne yake rufa mini asiri.