Madubin Kawu Habu

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da Kawu Habu, yayan mahaifiyata, ya damƙa mini amanar idonsa. Maharbi ne tun yana saurayi, kuma a gasar harbin baka da ake yi a bayan garin Matamaye gab da faɗuwar damina, in 'yan ci-rani sun dawo, ya daɗe ba a kayar da shi ba. Ana kafa damin kara can nesa, a liƙa masa faifai mai baƙin ɗigo a tsakiya, kowa ya saki kibiya biyar. Hannun Kawu bai tsufa ba, ido ne ya fara ba shi kunya. Yana hangen faifan dishi-dishi, amma ba ya gane inda kibiyarsa ta sauka, balle ya gyara ta gaba.

Da zan tafi Kano ci-rani ya ja ni gefe ya ce, "Ɗan nan, ka samo mini jimel, abin hangen nesan nan. Gasar bana ce ta ƙarshe gare ni, ba ni son Tanko na Tsauni ya yi mini dariya." Wannan Tanko kuwa shi ne abokin karawarsa tun kafin a haife ni.

A Kano mai shagon ya jera mini guda uku. Akwai ƙarami mai ido biyu, akwai matsakaici mai ido ɗaya da ya ce shi masu harbi suke saye, sai wani fari dogo kamar taɓarya, mai ƙafa uku, wai na kallon wata da taurari ne. Nan take na yi lissafina na masu ilimi: abin da ke ganin wata, faifai ne zai gagare shi? Na ce dogon nake so. Mutumin ya ce in gwada tukuna. Na ce ya bari kawai, na saba da irinsa (ni da ban taɓa ko shafa irinsa ba, tsoro nake kada ya gane daga ƙauye na fito). A cinya na rungumo shi har gida, na hana kowa buɗe kwalin.

Ranar gasa na ci ado da sabuwar shadda, na kafa abina gefen Kawu, jama'a suka yi mini zobe. Na sa ido, sai ga faifai ya cika madubin taf, har saƙar kabar nake gani ɗaya bayan ɗaya. Wallahi a lokacin ji nake duk ƙasarmu ta Kance babu wayayye kamata. Dokar wurin kuwa, in maharbi ya ja baka, ba mai yi masa magana sai mai duba masa, wato ni.

Kibiyar farko ta tafi, tas! Na gan ta sama da baƙin da kamar yatsa uku.

"Kawu, ta yi sama kaɗan, sauke hannu."

Ta biyu ta ƙara yin sama. Na ce ya ƙara saukewa. Ya juyo ya dube ni.

"Ka tabbata, ɗan nan? Hannuna ya ce mini ƙasa ta yi."

"Kawu, wannan abin fa wata yake gani."

Ya bi maganata. Ta uku da ƙyar ta kama bakin faifan. Ta huɗu da ta biyar ban ma gan su ba, ina dai jin jama'a na gunaguni, ni kuwa ido na manne da madubi ina ta "sauke, Kawu, sauke!" Ashe rairayin gaban damin suke nomewa.

A al'ada abokin karawa ne ke zuwa ya zare kibiyoyi. Ina nan ina laluben inda biyun suka shiga, sai ga fuskar Tanko ta shigo madubin, gemu na kallon sama, hula a ƙasa kuma ba ta faɗo ba. Ni da na tashi da labarin asirin maharba a kunne, ban san lokacin da na kurma ihu ba:

"Innalillahi! Jama'a, asiri ne! Tanko da ka yake tafiya! Shi ya karkatar da kibiyoyin Kawu!"

Na ɗago. Ga Tanko can tsaye da ƙafafunsa biyu kamar kowa, ya saki baki yana kallona. Wani mushe na lakwal ɗin unguwarmu, wato malamin makaranta, ya matso ya leƙa, ya ce, "Ai irin wannan komai a kife yake nuna shi. Sama ƙasa ce, ƙasa sama." Dariyar da aka yi a filin nan har yau ina jin ta a kunnena. Mutane suka yi layi kowa na son ya ga surukinsa a kife, Tanko kuma ya ja ragon gasa ya yi Tsauni.

Muka kama hanyar gida, Kawu na gaba, ina biye da madubin a kafaɗa. Na san kibiyar farko yatsa uku ta rage, da na bar shi da hannunsa da ya gyara. Sai a ƙofar gida ya ce, "Shekara arba'in ina jin maganar hannuna, yau na ji ta ɗan Kano." Na sunkuyar da kai, hawaye na neman zubowa. Ya miƙo hannu ya ce, "Kawo abin."

Bai sake shiga gasa ba. Amma duk ranar kasuwa sai ya kafa madubin a bakin zaure, ya saita shi kan hanyar Tsauni, ya jira Tanko. In ya hango shi yana tahowa da ka, ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi, sannan su zauna su sha fura tare. Ina kewar wannan dariyar ƙwarai.

Kawu ya rasu, madubin na ɗakina. Tun daga ranar, ko cokali zan saya, in mai shago ya ce in gwada, gwadawa nake yi. In kuma tsoho ya ce mini hannunsa ya faɗa masa wani abu, bakina nake kamawa.