Ledar Talabijin ɗin Amarya

Ba zan taɓa mantawa da ranar jeren ƙanwata Rukayya ba, ko na so in manta ma dangi ba za su bari ba. Lokacin ban daɗe da gama karatun lantarki ba, kowa a gidanmu na Malumfashi Injiniya yake ce mini, ni kuma ina amsawa har da gyara zaman gyale.

Binciken da na yi na kammala karatu a kan gilashin talabijin ne, irin shafaffen nan na bango. Akwai fitila a bayansa, haskenta sai ya ratsa falle-falle da yawa kafin ya iso ido, kuma mafi yawansa a hanya yake salwanta. Na cika shafuka a kan yadda za a rage wannan asarar. (Rubutu kawai na yi fa. Ban taɓa kwance ko talabijin ɗaya ba.)

Ranar jere muka ɗunguma zuwa Ƙarfi, garin ango, da gado da kujeru da kwanuka, da sabon talabijin da Baba ya sayo a Funtua bayan ya kai masara kasuwa. Burinsa ɗaya ne, kada dangin ango su raina 'yarsa. Tsoron kowa kuwa Hajiya Bilki ce, yayar mahaifin ango, wadda ko cokali ta ga babu a ɗakin amarya sai garin ya ji.

Gwaggo Lami, ƙanwar Baba, ita ke jagorancin jere. Ta ce, "Kada wadda ta cire ledar komai. A bar su su gani da idonsu sabo ne."

Kun san halinmu da leda. Kujera a leda, katifa a leda, rimot ya shekara uku a leda. Nan boko ya motsa mini.

"Gwaggo, ledar nan ita ke cinye hasken talabijin. Ki bar ni da fannina."

"To, Injiniya, ke kika yi karatun," in ji ta.

Na ja ledar sama ta fita salin alin. Da na tsaya nan da na tsira da mutuncina. Sai na hango wata a kusurwa, mai kauri, mai ɗan duhu. Na ce a raina, ga babbar ɓarauniyar hasken nan. Na nemi reza. Na fi rabin awa ina fama, gumi na zuba, tana ƙara kamar ana yaga sabon yadi, har na sa mata biyu suka riƙe mini talabijin ɗin. Ko sau ɗaya ban tambayi kaina me ya sa kamfani zai manna ledar banza da gam mai ƙarfi haka ba.

(Abin da ke ƙona mini rai har yau: a babi na biyu na bincikena, da hannuna na zana wannan fallen, na rubuta cewa shi ke tace haske, in babu shi babu hoto. Amma a takarda ɗan siririn layi ne da kibiya. Ban gane shi ba da muka haɗu ido da ido.)

Aka tayar da inji, aka sa fim. Murya ta fito tangaram. Gilashin kuwa fari fat kamar nono a ƙwarya.

Gwaggo ta ƙura ido. "Haske kam ya ƙaru. To ina mutanen?"

Sai muka ji sallama. Dangin ango sun iso. Na naɗe ledar na zauna a kanta.

Hajiya Bilki ce a gaba, sanye da baƙin tabarau tsarabar Makka. Ta duba gado, ta ƙirga kwanuka da ido, sannan ta juya ga talabijin. Na fara karanta duk addu'ar da na sani.

"Masha Allah!" ta ce. "Wannan talabijin akwai fito da mutum. Ku dubi ɗaurin ɗankwalin yarinyar nan."

Matan da suka rako ta suka kalli farin gilashi, suka kalli juna, suka ce, "Ƙwarai kuwa, Hajiya." Ni kaɗai na gane abin da ke faruwa: gilashin tabaraunta irin fallen da nake zaune a kai ne. Na roƙi Allah ya bar tabaraun nan a fuskarta har ta koma gida.

Ɗakin ya cika, ga zafi. Hajiya ta cire tabaraun don ta share gumi.

"Innalillahi! Ina suka tafi?" Ta mayar. "Ga su!" Ta sake cirewa. "A'uzubillahi! Mutanen ɓoye a ɗakin amarya! Wallahi ba za a kawo amaryar nan ba sai malamai sun zo."

Jin za a ɗage kai amarya saboda ni, na miƙe, na warware ledar, na kara ta a gaban gilashin. Hoto ya fito ta cikinta, a yamutse.

Gwaggo ta ce, "Ku kwantar da hankalinku, ba aljanu ba ne. Injiniyarmu ce ta ƙara masa haske."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Hajiya Bilki ta yi dariya har da hawaye, ta ajiye tabaraun a kan gado ta ce a ba amarya ta riƙa kallo da shi kafin a gyara.

Washegari ni da Gwaggo muka kai talabijin ɗin Funtua wajen Oga Emeka mai gyara, haifaffen garin, wanda ya fi ni iya Hausa. Ya duba ya girgiza kai.

"Wane yaro ne ya yi wannan ɓarnar? Ya kamata a zane shi."

Na ce, "Yaran yanzu ba sa ji, Oga."

Gwaggo ta yi tari mai tsawo.

An manna sabon falle, Rukayya na ɗakinta lafiya. Amma har gobe in aka ɗauke wuta a gidanmu sai wani ya ce a kira Injiniya ta ƙara haske. Na dai koyi cewa duk abin da ya ƙi cirewa da farce, to ba reza yake nema ba, tambaya yake nema. Rimot ɗin ɗakina kuwa shekararsa huɗu a leda, kuma duk wadda ta taɓa min ita sai mun ɓata.