Rasuwar Haƙurau, Babur Ɗin da Aka Yi Matashi da Shi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma take tafasa da wani abu da ya fi baƙin cikin zafi, Malama Jawahir Kyari, a madadin mahaifiyarta Inna Gumsu da sauran iyalan marigayi Malam Kyari na Fagge, tana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da abokan arziki rasuwar tsohon babur ɗin gidansu, wanda duk unguwa ta sani da suna Haƙurau. Ya rasu ranar Asabar da ta gabata, da hantsi, a bayan wata akori-kura, tsakanin Sabon Gari da Fagge. Bai yi jinya ba. Kashe shi aka yi, kuma wanda ya jawo kisan yana nan cikin gidan, ana zuba masa tuwo yana ci.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kada wani ya ce an yi wasa da babbar kalma a kan ƙarfe. Malamai sun karantar cewa ana faɗin ta ga kowace asara, ko da igiyar takalmi ce ta tsinke, kuma abin da ya tsinke wa gidan Malam Kyari ya wuce igiyar takalmi nesa ba kusa ba.

Marigayin ya shigo gidan ne tun Malama Jawahir tana kwalejin horon malamai, lokacin da ƙaninta Abdurra'uf, autan Inna, bai wuce a ɗora shi a kan tanki ya riƙe madubi ba. Ja ne a lokacin. Daga baya rana da ruwan sama suka mayar da shi wani launi da har yau ba a raɗa wa suna ba. Ya kai Malam makaranta har Malam ya yi ritaya, ya kai shi masallaci har ya koma ga Ubangijinsa. Ya ɗauko atamfa daga Kantin Kwari zuwa wurin teloli, ya ɗauko buhun shinkafa, ya ɗauko keken ɗinki, ya taɓa ɗauko rago ma, kuma ragon ne ya yi ƙorafi, ba shi ba. Bai taɓa kayar da kowa ba. Mai kaɗan yake sha, ya gode. Idan aka taka shi sau ɗaya sai ya ce "kuf", kamar dattijon da aka tasa daga gyangyaɗi; a na biyu ne yake amsawa, "tu-tu-tu-tu", a hankali, ba tare da ya tashi jaririn maƙwabta ba. Hon ɗinsa kuwa "fiit" ne kawai, kamar mai neman gafara a bakin zaure.

Amma duk waɗannan ado ne. Babbar falalar Haƙurau ita ce siririn jikinsa da gajeriyar kujerarsa. Duk wanda ya san gidan Malam Kyari ya san a ƙuryar lungu yake, lungun da A Daidaita Sahu ba ta shiga, wanda mata biyu masu ɗauke da faranti ba sa giftawa sai ɗaya ta karkata. Tun da gwiwoyin Inna suka ƙi, ba ta iya taka tsawon lungun nan da ƙafarta. Haƙurau ne yake zuwa har bakin zaure ya tsaya. Inna ta dafa bango, ta zauna a karkace a kan faffaɗar kujerarsa, ta riƙe rigar autanta, a fita da ita. Haka take zuwa asibiti duk Talata a gasa mata gwiwa. Haka take zuwa suna da ta'aziyya da duban marasa lafiya. In za a faɗi gaskiya ba tare da kwana-kwana ba, Haƙurau shi ne ƙafafun Inna.

Ajalinsa ya faro ne daga ranar da Abdurra'uf ya samu aiki a wani shagon waya, ya yi abokai masu manyan babura, irin waɗanda mahayinsu ke kifewa a kai kamar mai leƙen rijiya, masu ƙarar da ke sa tsohuwa ta saki carbi. Daga nan sai ya fara ajiye Haƙurau nesa da majalisa ya ƙarasa da ƙafa. Sai ya fara cewa yana jin kunya. Babur ɗin da ya koyi zama a kansa tun bai iya ɗaura wando ba, shi ne ya zama abin kunya.

Malama Jawahir ba ta hana shi cigaba ba, kuma tana so a shaida wannan. Guminsa ne, ya yi adashinsa, ya sayi abin da ransa ke so. Sharaɗi ɗaya ta gindaya masa: a bar wa Inna Haƙurau.

"Haba Yaya," in ji shi, "ai Haƙurau ɗan gida ne, wa zai taɓa shi? Ni dai lebul ne ya canza, matsayina ya ƙaru. Shi ya ci gaba da kai Inna, ni kuma in ga gari."

Ranar Asabar ɗin, a kan Haƙurau Abdurra'uf ya tafi Sabon Gari ɗauko sabon babur ɗinsa, wato marigayin da ƙafarsa ya kai kansa inda za a halaka shi. Da aka fito da baƙon daga shago, baƙi wuluk, tayarsa ta baya kamar cinyar sa, jikinsa duk a naɗe da leda, sai Abdurra'uf ya ce ba za a hau shi ba. Dalilinsa ba wai bai gama sanin hannunsa ba ne, ko da yake bai sani ba ɗin. Dalilinsa leda ce. Kowa ya san al'adarmu: sabon babur ba a cire masa leda sai ta gaji ta faɗi da kanta, don kada mai wucewa ya ɗauka na hannu ne. Abdurra'uf yana so baƙonsa ya shiga Fagge da ledarsa cif, tayarsa ba ta taɓa ƙasa ba, 'yan unguwa su fito su gani.

Sai ya kira wani mai akori-kura, Sabo, aka sa katako aka tura baƙon sama. Nan aka ga abin da ya kamata a gani tun farko: abu ne mai nauyin gaske, yana tsaye a kan 'yar ƙafa ɗaya, igiyar Sabo kuma guda ce tak, tsohuwa, wadda ko akuya mai hankali ba za ta yarda a ɗaure ta da ita ba. Kasuwa ce fa a gabansu, kasuwar da babu irin igiyar da ba a sayarwa. Ba wanda ya taka ya sayo. Ba a sa babur ɗin a giya ba, ba a tokare tayoyinsa ba, ba a ɗaure shi ta kusurwa huɗu ba. Abin da ya dami Abdurra'uf shi ne kada baƙon ya jingina da ƙarfen motar, leda ta yage, fenti ya karce. Ya nemi tsohuwar katifa, babu. Ya nemi kwali, babu. Sai idonsa ya faɗa kan Haƙurau, yana tsaye a gefe yana jiran a mayar da shi gida.

"Kawo tsohon nan mu kwantar a gefe," in ji shi. "Dama ai sai an tafi da shi. In ya so wannan ya jingina a kansa."

Haka aka yi. Aka kwantar da dattijon da ya yi wa gidan hidima tun mahaifinsu na da rai, aka yi matashi da shi.

A wajen tsallaken layin dogo ne akori-kurar ta yi tsalle. Igiya ta tsinke, baƙon ya rufta da dukkan nauyinsa. Sabo ya ce ya ji wata 'yar ƙara "fiit" daga baya, wataƙila hon ɗin ne aka danne. Ita ce maganar Haƙurau ta ƙarshe, kuma ko a nan gafara ya nema. Injinsa ya tsage, ƙashin bayansa ya lanƙwashe, baƙin mansa ya tsiyaye ta ƙasan mota yana ɗiga a titi har Fagge.

Malama Jawahir tana bakin lungu aka iso da su. Ta ga ƙaninta ya yi tsalle ya haye motar, ya zagaya baƙon, ya shafa nan, ya shafa can, sannan ya ɗaga hannu sama ya ce, "Alhamdu lillahi! Yaya, ko ledar ba ta yage ba!" Yana faɗin haka ne ƙafarsa tana cikin man Haƙurau. Malama ta yi shekaru tana koya wa 'ya'yan mutane cewa mai ƙarfi shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi. A ranar ta gane cewa darasin ya fi sauƙi a kan allo. Ba ta ce masa komai ba a gaban jama'a, domin tarbiyyar Malam Kyari ba ta yarda ba. Abin da ta faɗa masa a tsakar gida kuwa ba na takardar sanarwa ba ne.

An kira Chukwuemeka, makanikin Sabon Gari da ya saba duba marigayin. Ya durƙusa, ya leƙa, ya ƙwanƙwasa, ya miƙe yana goge hannu. "Malama, sai haƙuri," in ji shi. "Wannan ba ciwo ba ne. Wannan ya riga ya tafi."

An gwada ko baƙon zai iya riƙe amanar da marigayin ya bari. Aka turo shi har bakin zaure, aka fito da Inna tana dafa bango. Ta dubi kujerar bayansa, wata 'yar aba kamar tafin hannu, a can sama, a tuɗe kamar sheƙar tsuntsu.

"Auta, nan ne wurina?"

"Inna, ai akwai wurin taka ƙafa, in kika..."

"To a kawo tsani. In na hau kuma a nemo mai sauko da ni."

Malama ta ba da shawarar a mayar da baƙon a karɓo ƙaramin da zai iya ɗaukar Inna. Abdurra'uf ya ce abokansa duk sun riga sun ga hoto, da wane ido zai kalle su. Inna ba ta yi musu da shi ba. Ta ce ya miƙo mata makullin baƙon ta sa masa albarka. Ya miƙa da hannu biyu, har da rusunawa. Ta yi bisimilla, ta tofa, sannan ta ƙulle shi a haɓar zaninta, inda take ƙulle goro, ta ja ƙullin da haƙori. Duk wanda ya tashi a hannun tsohuwa ya san babu kotun da ke kwance wannan ƙulli.

"Ranar da na samu abin fita, kai ma ka samu," in ji ta.

Marigayin ya rasu ya bar Inna Gumsu, wadda rashinsa ya fi taɓawa. Da Malama Jawahir. Da wani tsohon famfon iska da suka yi zama tare a zaure. Da ɗigon baƙin mai a ƙasa wanda Inna ta hana a share. Bai bar ɗa ba, amma ya bar magaji. Da Talata ta zo, lokacin asibiti ya yi, Inna ta yafa mayafinta ta kira autanta ta ce ya durƙusa. Ya waiga ya dubi Yayarsa, ita kuwa ta dubi bango. A bayansa Inna ta fita daga lungun nan, tun daga zaure har bakin titi inda A Daidaita Sahu ke tsayawa, matan maƙwabta suna leƙe ta ƙofa suna yi masa sannu da aiki. Da ya fara nishi a tsakiyar hanya, Inna ta ɗan buga masa kafaɗa ta ce, "Yi shiru. Na goya ka har ka yi haƙora, wa ya ji nishina?"

Game da jana'iza: ba za a yi wa marigayin salla ba, domin ƙarfe ne, kuma iyalan sun san iyakarsu. Za a ɗauke shi ranar Asabar mai zuwa da safe, daga bakin lungu zuwa wurin 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, a Sabon Gari. An cire kujerarsa, Inna ta ce ba ta sayarwa ba ce, a kanta take zama yanzu tana lazimi. Akori-kurar Sabo ce za ta ɗauki gawar. Za a tsayar da shi a tsaye kamar mai mutunci, a tokare tayoyinsa gaba da baya, a ɗaure shi ta kusurwa huɗu da sabuwar igiya, a ja kowane ƙulli a gwada. Abdurra'uf ne zai ɗaura, Malama Jawahir tana tsaye a kansa. Abin da aka hana marigayin yana da rai, za a yi masa a tafiyarsa ta ƙarshe, ko don mai ɗaurin ya koya.

Ana karɓar gaisuwa a zauren gidan. Masu zuwa za su tarar da wani baƙin abu a jingine, a cikin ledarsa, ko ƙwarzane babu. Ana roƙon kada a shafa shi, kada a tambayi gudunsa, kada a yi wa kowa murna. Wanda ya ga ba zai iya wucewa bai ce komai ba, ya ce Allah ya shirya, za a san wanda yake nufi.

Wanda bai samu zuwa zaure ba, ya tsaya a bakin lungu ranar Talata da safe, ya ba da hanya, zai ga magajin marigayin yana tafe da Inna a baya, sai ya yi masa ta'aziyya a nan. Inna ta ce a gaya wa jama'a kada su damu da ita: sabon abin hawan nata bai kai Haƙurau laushin tafiya ba, ya kuma fi shi cin abinci da yawan ƙorafi, amma gado ba ya ɓuya, domin shi ma sai an taka shi sau biyu yake tashi.

Allah ya ba mu haƙurin abin da muka rasa, ya kuma ba wasu hankalin da ba a sayarwa a cikin leda. Amin.