Ranar da Sabis Ya Tsallaka Nijar

Ni ne mai kula da shafin intanet na ƙungiyar dillalan dabbobi, inda muke ɗora hotunan raguna. Har Injiniya suke ce mini, ni kuwa ina amsawa. Wata Alhamis, kasuwar Maigatari na tsaka da ci, Babbar Sallah ta ƙarato, sai hannuna ya hau ƙaiƙayi, wai sai na sabunta manhajar saba, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da shafin.

Shugabanmu Alhaji Sani ya ce, "Injiniya, ba ka bari kasuwa ta tashi ba?"

Na ce, "Haba Alhaji, kafin shayinka ya huce na gama."

Na haɗa kwamfuta da wayata, na ba da umarnin jawo sabuwar manhaja daga rumbunta. Tsohuwar ta sauka, sabuwar ba ta kai ga hawa ba, sai ga saƙo a wayata: barka da zuwa Nijar. Nan take intanet ya yanke. Kowa a Maigatari ya san waya kan tsallaka iyaka mai ita yana zaune. Injiniya kaɗai ya manta.

Shafi ya mutu. Masu saye daga Legas suka yi ta kiran Alhaji, Alhaji yana ta hararata. Na ɗora kwamfuta a ka, na ratsa kara, wato kasuwar dabbobi, a guje ina farautar sabis ɗin Najeriya. Na zaga raƙuma, na haye bayan tirela. Wani bawan Allah har ya tare ni, wai ta sayarwa ce?

Sai bayan la'asar na gyara, a Gumel.

Har yau in na shiga kara sai wani ya ɗaga murya: "Injiniya, sabis ya dawo, ko 'yan kwastan sun riƙe shi?"