Rasuwar Ladidi, Jitar da Aka Yi wa Ajiyar Goro

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda fushi ya ƙarasa cikawa, ni Shitu ɗan Iro, mai sayar da yadi, nake sanar da mutanen Zangon Wagadugu duk inda rusau ya watsa su, na Cissin da na Ouidi da na Kamsaoghin da waɗanda aka kai bayan gari irina, rasuwar jitata ta lantarki, wadda kuka sani da suna Ladidi. Ba tsufa ne ya kashe ta ba. Yahuza mai goro ne ya kashe ta, ƙanin matata Mamunatu, wanda na danƙa wa amanarta hannu da hannu. Na faɗi sunansa tun farko don kada wani ya tare ni a hanya yana tambaya ƙasa-ƙasa.

Ba zan karanta mata abin da ake karanta wa ɗan Adam ba, domin katako ce da waya, kuma ba na wasa da addini. Amma abin da ya zauna da mutum shekara ashirin da shida bai taɓa yi masa ƙarya ba ya cancanci a sanar da tafiyarsa. Na san manya da yawa a garin nan da ba za a iya yi musu wannan shaida ba.

An haifi marigayiya a ƙasar da ban sani ba, don rubutun da ke kanta ya goge tun kafin ta zo hannuna. Daga Kumasi ta iso Zango a saman motar goro, wata ranar Lahadi a shekarar 1978, shi ya sa matan gidanmu suka raɗa mata Ladidi. Ja ce, doguwar wuya, da tabon ƙuna ɗaya a ƙugu wanda ta zo da shi. Ba wanda ya koya mini ita. Yadda na koyi karatun boko haka na koye ta, ni kaɗai a zauren mahaifina, da kunne da naci, har yatsuna suka yi kanta.

Halinta kowa ya shaida. Ba ta taɓa taka ƙofar mashaya ba. Ba ta taɓa yi wa mai kuɗi kirari don ya ciro abu daga aljihu ba. In ladan ya ɗaga murya, ko a tsakiyar waƙa take, shiru take yi, abin da samarin yanzu masu salula a kunne suka kasa koya. Aikinta ɗaya ne, rakiyar amarya. Duk yarinyar Zango da za a fitar daga gidan ubanta, nakan zauna a bakin zaure da ampili, akwatin da ke ƙara mata murya, a gefena, mata su jeru, Ladidi ta fara: tin-tirin, tin-tirin, tiiin. A hankali take tafiya, daidai takun mai lulluɓi da ba ta ganin gabanta sosai. Uwayen da suka rantse ba za su yi kuka ba, a wannan tiiin ɗin na ƙarshe suke karya rantsuwa.

Tana da nata fushin, ba zan ɓoye ba. In wuta ta yi rauni sai ta riƙa huuum, huuum, kamar tsohuwar da aka kawo wa tuwo ba miya. In yaro ya matso da ita kusa da ampili sai ta tsala ƙiiii har awakin maƙwabta su watse. Kuma ba ta son danshi. Duk damina sai na rataye ta a bangon da ya fi nisa da taga. Duk wanda ya taɓa shiga zaurena ya ga haka, har da wanda ya kashe ta.

Dole in ambaci gardamar da ta zama sanadin ajalinta, don a majalisarmu ta gindin dogon yaro aka haife ta, kuma yawancinku kuna wurin kuna dariya. Tambayar ita ce, shin jitar lantarki tana ƙara daɗi in ta tsufa, ko kuwa yadda ta fito daga hannun maƙerinta haka za ta mutu?

Zailani mai gyaran rediyo yakan ce ba ta ƙara komai. A wurinsa jita mayen ƙarfe ce da zaren waya a naɗe, sauran duk ado ne. “Malam Shitu,” in ji shi, “hannunka ne ya nuna, kunnenka kuma ya saba. Ka ɗaura wayoyin nan a jikin ƙyauren banɗaki, haka za ka ji.” Mutumin da ya kwashe rayuwarsa yana leƙa cikin rediyo, ba mamaki ya ɗauka duk abin da ke magana hanjinsa kawai ake dubawa.

Ni kuwa nakan ce kaɗawa ce ke gyara ta, ba shekaru ba. Bayan wuyanta ya side daidai tafin hannuna, fentin ya tashi inda babban yatsana ke zama, zafin Wagadugu ya busar da katakon har ya yi sauƙi a kafaɗa. Tsufa shi kaɗai ba ya gyara komai. Malalaci in ya tsufa, tsohon malalaci ake samu, kuma akwai su a majalisar, ba sai an je nema ba.

Sai Yahuza, wanda bai san bambancin tsirkiya da igiyar shanya ba, amma bai taɓa jin an buɗe magana ya bar ta ta wuce ba. Shi a ganinsa duniya duka goro ce. “Yaya, ku duka ba ku gane ba,” yakan ce, bakinsa jawur. “Sirrin abu ajiya ne. Sabon goro ɗaci gare shi da kauri. Ka naɗe shi da ganye, ka sa a duhu, kana yayyafa masa ruwa, ya kwana biyu ya zama daushe, sai mai hali ke cinsa. Kai kullum kana wahalar da baiwar Allah da yatsu. Ka bar ta ta huta ka ji murya.” Mukan yi dariya. Ban san mutum na iya faɗin irin wannan magana kuma ya yarda da ita har zuciyarsa ba.

Da aka rushe Zango, filin da aka ba ni a bayan gari ba wuta, ɗakin da na fara tayarwa ko ƙyaure ba shi da shi. Mamunatu ta ce, “Malam, kai ta gidan Yahuza a Ouidi mana, ai gida ne.” Na kai ta da kaina a bayan mobilet, ɗan babur ɗina. Na nuna masa bango, na nuna masa ƙusa, na ce ya rataye ta, kada ruwa ya kusance ta, kada kowa ya taɓa. Ya dafa ƙirji ya ce, “Yaya, kamar ’yata.” Allah Ya kiyaye ’ya’yansa.

Kun san an sa ranar auren autata Balkisu. Tun tana rarrafe take bin sawun amare a bakin zauren nan. Yayyenta uku Ladidi ce ta fitar da su. Ranar da katafila ta shigo layinmu, yarinyar nan ba ta tambayi gadonta ko akwatinta ba, cewa ta yi, “Baba, to ni a wane zaure za a kaɗa mini?” Na ce mata ko a fili ne Ladidi za ta raka ki. Alkawari ne na yi a gaban uwarta.

Da damina ta ɗauke, wuta ta iso sabon layinmu, na tafi Ouidi ɗauko ta. Na duba bango, ƙusa na nan, jita ba ta nan. Yahuza ya fito yana murmushi irin na wanda ya shirya wa mutum alheri a ɓoye.

“Yaya, zauna tukuna. Yau za a raba gardama.”

Ya shige ɗakin ajiyarsa mai duhu, inda ƙasa ba ta bushewa, ya jawo wani dogon huhu ɗaure da igiya. Na ɗauka goron biki zai nuna mini. Ya durƙusa yana kwancewa, yana ɗaga ganye ɗaya bayan ɗaya, da ladabi, kamar mai buɗe fuskar amarya.

“Ban taɓa fashi ba,” in ji shi. “Duk Juma’a sai na buɗe na sake mata ganye, na yayyafa mata ruwa da hannuna. Ko goron Alhazai ban yi wa wannan hidimar ba.”

Abin da na gani ba zan so wa maƙiyi ba. Jan fentin ya kumbura ya ɓare kamar bayan kuturu. Hunhuna ta yi fari a ƙugunta. Tsirkiyoyi shida sun zama tsatsa, biyu sun tsinke. Wuyan nan da ya san tafin hannuna ya karkace ya koma gefe, kamar ta juya fuska don kada ta ga mai yi mata hidima. Na ɗaga ta, ruwa ya ɗigo daga ramin da ake sa waya.

“Wannan na waje ne kawai,” in ji Yahuza. “Daushe ma ba a ganinsa a fata. A sa mata wuta a ji.”

Na kai ta rumfar Zailani. Ya buɗe cikinta ya duba. Ya haɗa ta da ampili don in ji da kunnena. Ta ce huuum, a raunane. Ta ce ɓut. Daga nan ba ta sake cewa komai ba. Motar goro ta kawo ta Zango, huhun goro ya fitar da ita daga duniya.

Zailani, don ya sanyaya mini, ya tono wani tsohon kaset da ya ɗauka a wani biki tun Ladidi na sabuwa a hannuna. Ya sa mini, yana kallona ta gefen ido, yana jira in ce muryar ɗaya ce. Abin da na ji, wani saurayi ne mai gaggawa yana kora amarya kamar ana binta bashin numfashi. Tin-tirin ɗin na nan, amma tiiin ɗin gajere ne, ba ya jiran kowa. Ko jitar ce ba ta nuna ba a lokacin, ko hannun ne, ban sani ba, shi ma bai sani ba, kuma yanzu ba mai sani har abada, domin shaidar ta ruɓe a Ouidi. Abin da na sani shi ne, shekara ashirin da shida na kaɗawa ba su kashe ta ba, damina ɗaya ta hutu ta kashe ta.

Na mayar wa Balkisu da labari. Ta saurari kaset ɗin har ƙarshe, ta ce, “Baba, a sa shi haka nan. Zan yi sauri.” Ba ta yi kuka a gabana ba. Wannan kalma tata na ɗora ta a wuyan kawunta, ya je da ita duk inda za shi.

Marigayiya ta bar ampili ɗaya, wanda tun ranar ba a kunna shi ba. Ta bar waya mai tsawon gaba biyu, da maɗaurin fata da wani baduku na Kamsaoghin ya ɗinka mata, da ƙusa a bangon Ouidi wadda ba ta taɓa ɗaukar nauyinta ko na yini ɗaya ba. Ta bar amaren Zango da ba su ƙirguwa, wasu har sun aurar da nasu. Ta bar amarya ɗaya da ba ta raka ba.

Masu zuwa mini da maganar cewa niyyarsa alheri ce, su huta. Na sani. Mugu aƙalla yakan gaji ya bari. Wawa mai kyakkyawar niyya ba ya fashin Juma’a. An ce masa rataye, ya ga ya fi mai abu sanin abinsa. Wannan ba kuskure ba ne, girman kai ne da ya sa rigar hidima. Masu kawo mini sabuwar jita aro su ma na gode, su mayar. Ba a sabon hannu cikin mako biyu, ni kuma ba zan yi koyo a kan ’yata ba.

Za a yi jana’iza ranar Lahadi bayan la’asar, a tsohon Zango, a filin da zauren mahaifina yake a da. Wanda ya manta wurin ya nemi kututturen dogon yaro, ya fuskanci gabas. Ba wanka, domin ta sha ruwan da ya ishe ta. Ba salla. Za a naɗe ta da farin yadi daga shagona, busasshe. Zailani zai cire mayen ƙarfen ya riƙe, tunda ya ce nan ne ranta yake. Mata za su kawo zomkom, ruwan garin geron nan, a sha a watse. Ba a karɓar gaisuwa a gida, ana shirin biki.

Yahuza ne zai ɗauko gawar a ka daga Ouidi, inda na mayar masa da ita, da ƙafa, ta babban titi, kuma shi zai haƙa ramin. Mamunatu ta amince, ita ce ma ta ƙara maganar babban titi.

Tun zamanin kakanninmu, gidan su Yahuza ke kawo goron duk wani aure da suna na gidanmu. Dangin ango sun tambaye ni inda za su sayi na ɗaurin auren Balkisu, na nuna musu rumfar Na’Allah mai goro, wadda ke kallon ta Yahuza a kasuwa. Yahuza zai zo ɗaurin aure, don kawun amarya ne. Zai zauna a sahun gaba. Za a miƙa masa goron Na’Allah a gaban mutanen Zango, kuma zai ci.