Yadda Za Ka Kafa Ƙungiyar Da Ta Kusa Girme Ka

Kai mai son suna, matso kusa. Bi matakan nan biyar, na ba ka tabbaci sai an rataya hotonka a bango a matsayin wanda ya kafa ƙungiyar 'yan rediyo ta unguwa, ko da batirin tocila ba ka iya sawa daidai ba. An gwada hanyar a kan mijin yayata, mai sayar da taya.

Ƙungiyar dai ta mutanen nan ce masu harhaɗa na'urar rediyo da hannunsu, su yi ta hira da baƙi daga ƙasashe masu nisa. Ɗakinsu na saman shagon fenti. Baba mai gyaran agogo ne ya kafa ta shekara arba'in da suka wuce, da na'urar da ya haɗa daga gawar talabijin, wadda har yau ita ake amfani da ita. Burinsa ɗaya kafin ya kwanta dama: ya ga sunansa a littafin tarihin da za a buga ranar bikin cika shekara arba'in.

1. Shigo da kujeru

Kada ka zo da tambaya, zo da kujerun roba goma sha biyu da fanka. An ce in baki ya ci, ido ya ji kunya. To, mazaunai ma haka suke. Wata uku kacal mijin yayata ya yi aka zaɓe shi shugaba.

2. Kada ka taɓa komai

Maƙala abin sauraro a kunne, ka ɗaure fuska, ka ɗaga yatsa alamar a yi shiru. In an tambaye ka me ka ji, girgiza kai ka ce, "Yau iska ba kyau." Ba a taɓa kama mutum da ƙarya a kan iska ba.

3. Kama kwalin katuna

Al'adar mutanen nan, duk wanda ka yi magana da shi daga nesa zai aiko maka da kati ta gidan waya, shaida ce kun gaisa. Katunan shekara arba'in na cikin kwali ɗaya, kusan duka da lambar kiran Baba ta rediyo a jiki. Ka ce danshi zai ɓata su, ka kai kwalin gidanka. Daga nan sai ka ɗauki nauyin rubuta tarihi, don Allah kawai.

4. Girmama tsoho har ya ɓace

Kada ka kuskura ka yi faɗa da shi. Da Baba ya hawo matakala yana haki, ya ce, "Ɗana, a wane shafi sunana yake?" sai mijin yayata ya durƙusa har ƙasa.

"Haba Baba! Kai ai ka fi ƙarfin shafi. Je ka huta, matakalar nan ta yi maka yawa."

Baba ya sauka yana sa masa albarka. A littafin kuwa an rubuta cewa shugaba ne ya haɗa na'urar farko, "da taimakon wasu masu sana'a na unguwa". Ni na buga shafin a kwamfuta, kuma wallahi na ji kunya. Ka bar ta, ba ta kai sati.

5. Ranar biki, ɓoye wayar wuta

Nan ne mutuminmu ya yi sake. Ɗaki ya cika, an raba littafi, an yi tafi, sai wata 'yar jarida ta ce, "Ranka ya daɗe, kunna mana mu ji." Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kowane ɗan ƙungiya ya san Baba na cire igiyar eriya bayan an gama aiki saboda tsawa, kuma in ka aika magana babu eriya na'ura ƙonewa take yi. Shugaba bai sani ba. Ya kunna, ya danne makirufo, ya soma jawabi ga duniya. Bai gama gaisuwa ba hayaƙi ya tashi.

Ido ya koma bakin ƙofa, inda Baba ke zaune da littafin a cinya.

"Baba, a taimaka," in ji shugaba, gumi na tsiyayo masa.

Baba ya sa tabarau, ya lashi yatsa, ya buɗe shafi a hankali.

"Ɗana, nan an ce kai ka haɗa ta. Wanda ya haɗa ai shi ya san cikinta."

Ya ajiye littafin a kan kujera, ya kama ƙarfen matakala ya sauka. Bai sake hawowa ba.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba ruwansa da hayaƙi, ko zagin 'yan ƙungiya, ko yayar da ta daina amsa gaisuwarsa. Hoton shugaba na nan a bango, saboda haka hanya ta yi aiki. Rediyon ne dai bai ƙara magana ba, wannan kuwa ban yi maka alkawarinsa ba.